Filin Amsa Wasiƙunku: Ko Ana Iya Sa Wani Bawul A Gurbin Wani Cikin Amfilifaya?

  

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani mai sauraronmu a ƙaramar hukumar Maigatari ta Jihar Jigawa, wanda ya ce sana'arsa sayen riɗi da zoɓo a kasuwannin ƙauye. Bayan gaisuwa mai yawa ga ma'aikatan wannan fili, wadda muke amsawa, ya ce ya gaji wata tsohuwar amfilifaya daga wurin mahaifinsa, irin mai nauyin nan da sai an jira ta yi zafi kafin ta yi magana. Ita yake bayarwa haya a wuraren biki da suna, da ita kuma ake shela ranar kasuwa. To kwanan baya ya ɗauko ta a bayan babur daga wani ƙauye, da ya iso gida ya kunna, sai fiyus ya ƙone. Da ya buɗe bayanta sai ya tarar ɗaya daga cikin manyan ƙwayayen gilashi biyu da ke ciki ya tsage, kansa da a da yake ƙyalli kamar madubi ya koma fari fat kamar an shafa alli. A jikinsa an rubuta EL34. Ya kai wa mai gyara, mai gyara ya ce ba shi da irinsa, amma yana da wani guda ɗaya da ya ciro daga wata matacciyar na'ura, an rubuta 6L6 a jikinsa, ƙafafunsu iri ɗaya ne, har ya gwada ya shiga gurbin daram. Mai wasiƙar ya ce ga lokacin bukukuwa ya zo, har ya karɓi kuɗin kafin alƙalami na biki biyu. Ya yarda a sa masa, ko kuwa?

To Malam, mun gode da wannan tambaya. Amsarka a gajarce ita ce kada ka yarda a sa shi haka nan, shi kaɗai kusa da tsohon EL34 ɗin da ya rage. Kama da wane ba ta wane. Amma kuma kada ka zagi mai gyaranka, don bai yi ƙarya ba da ya ce ana musanya su. Ana yi, sai dai akwai sharuɗɗa, kuma bai cika ko ɗaya ba tukuna. Bari mu warware maka zancen a hankali, don na san akwai ire-irenka da dama da ke da irin wannan kaya a ajiye.

Wannan ƙwan gilashi shi masu gyara ke kira bawul. Wani Baturen Ingila mai suna John Ambrose Fleming ne ya fara ƙera shi a 1904, sannan wani Ba'amurke, Lee de Forest, ya ƙara masa wani abu a 1906 wanda daga baya ya sa aka iya ƙara ƙarfin murya da shi. Daga nan har zuwa shekarun 1960, kusan duk rediyo da talabijin da amfilifaya da shi suke aiki, kafin taransista, wadda aka ƙirƙiro a Amurka a 1947, ta zo ta ture shi gefe. Dattawan cikinku ai ba su manta da manyan rediyoyin katakon nan ba, waɗanda in ka leƙa ta baya za ka ga abubuwa jere suna ja kamar garwashi.

A cikin gilashin an zuƙe iska kaf. Akwai wani siririn zare da ke yin ja in an kunna, mu kira shi lagwani. Lagwanin nan yana gasa wani ɗan bututu, bututun in ya ɗau zafi sai ya riƙa sakin wuta, wutar ta tsallaka zuwa farantin ƙarfen nan mai launin toka da kake hangowa ta gilashi. A tsakaninsu kuma akwai wata raga ta siririyar waya. Wanda ya taɓa noman rani ya san aikin ragar nan. Ruwa na gudu a hanyarsa, kai kuma kana tsaye da fartanya a bakin fangali, ɗan motsi kaɗan za ka yi ka buɗe ko ka toshe, ruwa mai yawa ya bi yadda kake so. Haka 'yar muryar da ta fito daga makirfo take taɓa raga, ragar kuma ta sarrafa babbar wutar da za ta kaɗa lasifika. Shi kuwa ƙyallin da ka ce ya koma fari, wani sinadari ne da ake sawa don ya lashe ragowar iskar da ta maƙale a ciki. Da zarar ya yi fari, to iska ta shiga, bawul ya mutu murus, babu mai iya tashinsa. Don haka naka dai ya tafi, sai haƙuri.

Abin da ya fi rikita masu saye, har da wasu masu gyaran, shi ne suna. Bawul ɗaya yakan zama da suna biyu, kamar yadda abin da Bakano ke kira gyaɗa, Basakkwace zai ce gujiya. Mutanen Turai da haruffa suke fara nasu suna, mutanen Amurka kuwa da lamba. Abin da Turai ke kira EL34, shi Amurka ke kira 6CA7. EL84 shi ne 6BQ5. ECC83 shi ne 12AX7, ECC82 shi ne 12AU7, ECC81 kuma shi ne 12AT7. GZ34 shi ne 5AR4. Wanda yake da biro kusa ya rubuta waɗannan ya ajiye, don mutum yakan zaga kasuwa yana neman EL34 a ce masa babu, alhali ga 6CA7 can a cikin kwali ƙura ta rufe shi. Waɗannan tagwaye ne, cire wannan ka sa wancan ba laifi. Kuma sunayen ba haka kawai aka raɗa su ba. A tsarin Turai, harafin E na farko yana nufin lagwanin yana son wuta bolt 6.3, harafin G kuma bolt 5. A tsarin Amurka lambar farko ce ke faɗin haka, 6 na nufin bolt 6.3, 12 na nufin bolt 12.6.

To shi 6L6 ba tagwayen EL34 ba ne. Ɗan wani gida ne daban, kamfanin RCA na Amurka ya fito da shi a 1936. Abin da ya haɗa su kawai shi ne gindinsu iri ɗaya ne, mai gurbin ƙafa takwas da ɗan hanci a tsakiya, lagwaninsu kuma duka bolt 6.3 yake so. Daga nan suka raba hanya.

Mu fara da cin wutar lagwani. EL34 ɗaya yana jan amfiya 1.5, shi kuwa 6L6 amfiya 0.9 kawai yake ja. A nan ka yi sa'a, Malam, don taransifomar da aka yi ta ciyar da mai ci da yawa ba za ta gaji da mai ci kaɗan ba. Amma ku da na'urarku ta 6L6 ce kuke tunanin sa mata EL34, ku saurara da kyau. Bawul biyu da ke jan amfiya 1.8 za su koma jan amfiya 3. Ba nan take za ka ga illar ba. Za ta yi ta aiki, kana murna, taransifoma kuwa tana dahuwa a hankali, sai ranar da ake tsakiyar biki ka ji ƙauri. Ban da wannan, ƙafa ta 1 a jikin EL34 tana da aiki, dole a haɗa ta da ƙafa ta 8. A jikin 6L6 na gilashi kuwa babu komai a wannan ƙafa, shi ya sa wasu maƙera suke aron gurbinta su ɗaure wata waya daban a kai. Ka dasa EL34 a irin wannan gurbi ba ka duba ba, ka haɗa abin da bai kamata ya haɗu ba ke nan.

Sai batun ƙarfi, kuma a nan ne nake so mai gyaranka ya buɗe ido. 6L6 iri-iri ne. Akwai na farkon, mai rigar baƙin ƙarfe, wanda zafin da farantinsa ke iya ɗauka bai wuce wat 19 ba, wutarsa kuma bolt 360. Akwai 5881, ɗan gidansu ne, mai ɗaukar wat 23. Sai na ƙarshe mai suna 6L6GC, shi ne ƙaƙƙarfansu, wat 30, bolt 500. Ba ka faɗa mana wanne ne a hannun mai gyaranka ba, sai ka koma ka karanta haruffan da ke bayan sunan. Shi kuwa EL34, ko da yake wat 25 yake ɗauka, an yi shi ya jure wa wuta har bolt 800. Akwai tsofaffin amfilifayoyin shela na Turai da maƙeransu suka yi amfani da wannan dama, suka ɗora wa EL34 bolt 700 ko fiye, don su tatsi wat 100 daga bawul biyu kacal. Idan taka irin waɗannan ce, to zancen 6L6 ya ƙare, ko wane iri ne, don ba zai rayu a ciki ba. Ba a kuma gane wannan da ido. Sai an sa mita an auna wutar da ke zuwa ƙafa ta 3.

Yanzu mu ce an auna, an tarar bolt 450 ne ko ƙasa da haka. Saura linzami. Ragar nan da muka ambata ba a barin ta sakaka. Ana ɗora mata wata 'yar wuta ta ɓangaren nagatif wadda ke riƙe bawul kada ya zarce, kamar linzami a bakin doki. Masu gyara suna kiranta bayas. Kowane irin bawul da gwargwadon jan da yake so. A kan bolt 450, EL34 yakan nemi a ja masa wajen bolt 35, shi kuwa 6L6 sai an ja ya kai wajen bolt 50 kafin ya natsu. To ka ga abin da zai faru in an dasa 6L6 a gurbin da aka saita wa EL34: linzami ya yi masa sako-sako, sai ya yi ta kwankwaɗar wuta ko ba a magana a makirfo. Bayan 'yan mintoci farantinsa ya fara ja kamar ƙarfe a maƙera. In ka yi sa'a fiyus ya ƙone ya cece ka. In ba ka yi ba, musamman in wani ya riga ya naɗa wayar tagulla a gurbin fiyus, kamar yadda na san wasunku suna yi, to sai ya tafi da taransifomar lasifika. Wannan taransifoma kuwa ita ce ran na'urar. Ta fi komai tsada a ciki, ba a samunta a kasuwa yadda ake so, masu naɗin waya kuma da wuya su naɗa ta ta dawo da muryarta ta asali. Garin gyaran gira an rasa ido ke nan.

Ga kuma dalilin da ya sa na ce ko da komai ya yi daidai, guda ɗaya ba zai yi ba. Manyan bawul biyun nan aikin lugude suke yi, kamar mata biyu a turmi ɗaya, taɓaryar wannan na sauka ta wancan na tashi. Dole ƙarfinsu ya zo ɗaya. A yawancin irin waɗannan na'urori kuma linzami ɗaya ne ke riƙe da su duka biyun. In ka ja don 6L6 ya natsu, ka shaƙe EL34. In ka sassauta don EL34 ya numfasa, 6L6 ya ƙone. Babu inda za ka tsayar da shi ya yi wa dukansu daɗi. Kai, ko EL34 ɗin ne ma, ba a son a haɗa sabo fil da tsohon da ya yi shekara talatin yana aiki, don na'ura za ta riƙa gurnani, murya ta riƙa fita a dusashe. Shi ya sa masu sayarwa suke auna su, su haɗa biyu-biyu masu ƙarfi ɗaya, su sayar tare.

Don kada ka ga kamar tsoratarwa ce kawai, bari in ba ka misalin inda aka yi musanyar nan yadda ya kamata. Kamfanin Marshall na Ingila, wanda ya yi suna wajen ƙera amfilifayar makaɗan jita, da EL34 aka san shi. Amma a shekarun 1970, waɗanda ake sayarwa a Amurka an riƙa sa musu wani bawul mai suna 6550. A tsakiyar shekarun 1990 kuma, da EL34 mai kyau ya yi wuyar samu, kamfanin ya koma sa 5881, wato ɗan gidan 6L6 ɗin nan da muke magana a kai. Sai dai a duk lokutan biyu ba cirewa kawai aka yi aka dasa ba, sai da aka sauya rezistocin linzami su dace da baƙon. Ka ga su da suka ƙera abin da hannunsu ma sai da suka auna.

Saboda haka hanya biyu ce a gabanka. Wadda na fi so maka ita ce ka nemi EL34 ko 6CA7 guda biyu da aka auna tare, ka ajiye tsohon da ya rage don ranar ɓacin rana. Kada wani ya ce maka an daina yin su. Har yanzu ana ƙera su a garin Saratof na ƙasar Rasha, da kamfanin JJ a ƙasar Sulobakiya, da kuma ƙasar Sin, saboda makaɗan jita da masu son tsohuwar murya ba su yarda sun rabu da su ba. Gaskiya ne sun yi tsada, musamman tun watan Maris na 2022, lokacin da Rasha ta sanya takunkumin fitar da wasu kayayyakinta har da bawul, farashi ya tashi a ko'ina. Ka sa a tambaya maka wurin masu kayan lantarki da kayan kiɗa a Sabon Garin Kano, ko kasuwar Alaba ta Legas, in babu a ƙasa akwai masu yin odarsu daga waje. Hanya ta biyu, in EL34 ya gagara, kuma mita ta nuna wutar ba ta haura bolt 500 ba, sai a sa 6L6GC guda biyu, a cire tsohon EL34 gaba ɗaya, a ƙara jan linzami.

Ko wacce hanya ka bi, sai an saita linzamin nan, don haka wannan ɓangaren na mai gyaranka ne, ka karanta masa ko ka ba shi jaridar. Ya sa ƙaramar rezista mai om 1 tsakanin ƙafa ta 8 da jikin ƙarfen na'urar, ya auna wutar da ke kanta, adadin milibolt da ya gani shi ne adadin miliamfiyar da bawul ke sha. Masu wannan aiki sukan tsayar da shi tsakanin kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na zafin da bawul ke iya ɗauka. Ga EL34 a kan bolt 450, wannan ya kama miliamfiya 33 zuwa 39 ga kowane ɗaya. Akwai na'urorin da ke saita linzaminsu da kansu ta hanyar wata babbar rezista a ƙafa ta 8, galibi ƙanana ne, su sun fi haƙuri, amma su ma a auna. Kafin ya dasa sababbin kuma, ya duba ƙananan kwandansan nan biyu da ke kai murya zuwa ragar manyan bawul. In sun tsufa sukan riƙa yoyon wuta, yoyon nan kuwa yana kwance linzami. Sau da yawa mutum zai sayi sabon bawul da kuɗinsa masu yawa, ya sa, ya ƙone cikin mako guda, ya ce an sayar masa da jabu, alhali kwandansar da kuɗinta bai kai na kwanon gero ba ce ta kashe na farko, ta kuma kashe na biyu. Naka dai mun san bugun hanya ne ya fasa shi, amma tun da fiyus ya ƙone, a duba rezistar da ke ƙafa ta 4 ko ta tafi tare da shi.

A nan dole in ja kunnenku, jama'a. Cikin irin wannan na'ura ba wurin wasa ba ne. Wutar gidanmu bolt 230 ce, ta cikinta kuwa ta ninka haka. Abin da ya fi muni, manyan kwandansan ciki suna riƙe wutar nan ko an zare waya daga bango, wani lokaci har ta kwana. Ni kaina ina koyon aiki na taɓa miƙa sukuddireba cikin wadda aka kashe tun da hantsi, ƙarar da ta yi da ramin da ta bari a bakin ƙarfen har yau ban manta ba. Da yatsana ne, da wani ke muku wannan bayani. In ba sana'arka ba ce, iyakarka cire bawul da mayarwa, shi ma bayan an zare waya an bar shi ya huce. Ka kama shi ta gindi, kada ta gilashi, ka ɗan jijjiga a hankali kana ja sama. Sannan kada ka kuskura ka kunna amfilifaya mai bawul ba lasifika a jone. Mai taransista ba ruwanta da wannan, amma mai bawul in ta rasa inda za ta zuba ƙarfinta, a kan taransifomarta take hucewa.

Ƙananan bawul ɗin da ke gaba, masu ƙafa tara, su nasu da sauƙi, har ma akwai dabarar da za ta amfane ka. ECC83 yana ninka murya sau 100. Akwai 'yan uwansa masu tsarin ƙafa iri ɗaya da ba su kai shi ba: 5751 sau 70, ECC81 sau 60, 12AY7 wajen sau 40, ECC82 kuma bai wuce sau 20 ba. In lasifikarka mai yawan tsuwwa ce, da an ɗan murɗa sai ta ɗauki kuka a tsakiyar taro, gwada sa 5751 ko 12AY7 a gurbin farko, na kusa da inda ake jona makirfo. Ba abin da zai ƙone, in bai yi maka ba ka mayar da na da. Wanda zan ce ku lura da shi a nan shi ne wani na Rasha mai suna 6N2P. Aikinsa kusan ɗaya da ECC83, yana da araha, yana kuma shiga gurbin, amma wayoyin lagwaninsa ba haka aka jera su ba. A yawancin na'urori in ka dasa shi ko ja ba zai yi ba, sai an sauya wayoyin gurbin.

In kuma akwai wani bawul kusa da babbar taransifoma mai suna GZ34, shi aikinsa miƙar da wutar bango ta zama mai tafiya hanya ɗaya. Yana da kirki, don a hankali yake sakin wuta, sai sauran sun ɗumama. Wasu sukan sa 5U4 a gurbinsa, amma shi amfiya 3 yake ja a maimakon 1.9, a tabbatar taransifoma za ta iya. Wasu kuma sukan cire shi su liƙa diyod irin na zamani. Yana aiki, sai dai wuta takan ƙaru da bolt masu dama, ta kuma faɗo gaba ɗaya tun bawul na sanyi, tsofaffin kwandansa kuwa ba kullum suke jurewa ba.

To yaya za ka yi da bukukuwa biyun da ka karɓi kuɗinsu? Shawarata ka yi hayar amfilifaya mai taransista, irin su Ahuja ta Indiya ko TOA ta Japan da ke ko'ina a kasuwanninmu, ka fita kunyar mutane, ka bar taka ta jira kayanta. Ribar biki biyu ba ta kai kuɗin taransifoma ba. In ma za mu faɗi gaskiya, ga mai yawon ƙauye inda ba wuta, mai taransista ta fi dacewa, don da batirin mota take aiki. Taka kuwa, in tana da EL34 biyu da ECC83 uku da GZ34 ɗaya, lagwaninsu kaɗai yana cinye sama da wat 30 tun ba a ce uffan ba, dole sai janareta, ga shi ba ta son girgizar babur. In ta gyaru, ka riƙa zare manyan bawul ɗin kafin tafiya, ka naɗe kowanne a tsumma, ka yi musu alama don kowa ya koma gurbinsa. In akwai wurin zaɓen wuta a bayanta mai 220 da 240, ka bar shi a 240, saboda janaretocinmu sukan yi tashin ba-zata.

Abu ɗaya dai, kada ka ce ta ishe ka ka miƙa wa 'yan gwangwan su auna ta a sikeli. Tun da kai ɗan kasuwa ne bari in tsegunta maka. Tsofaffin bawul na kamfanin Mullard, waɗanda aka ƙera a garin Blackburn na Ingila kafin a daina a farkon shekarun 1980, da na Telefunken na Jamus, masu wata 'yar alama mai kusurwa huɗu a ƙasan gilashi tsakanin ƙafafu, yau nemansu ake ido rufe a Turai da Amurka da Japan, kuma sun fi sababbi tsada nesa ba kusa ba. Ka duba ƙananan naka da kyau. Kada kuma ka goge rubutun jikinsu da jiƙaƙƙen tsumma, yana fita nan da nan, darajar kuma ta ragu.

Kafin lokaci ya ƙure mana, ga wata gajerar wasiƙa mai kama da wannan daga wani mai sauraronmu a Tasawa ta jihar Maraɗi, Jamhuriyar Nijar. Ya ce tsohuwar rediyon kakansa ce ta daina magana, bawul ɗin muryarta an rubuta masa UCL82, shi kuma ya samu PCL82 a cikin wata tsohuwar talabijin. Zai yi? A'a Malam, ba zai yi ba. Cikinsu ɗaya ne, ƙafafunsu ɗaya, amma harafin farkon nan shi ne magana. ECL82 lagwaninsa bolt 6.3 yake so, PCL82 bolt 16, UCL82 kuwa bolt 50. A rediyon da bawul ɗinta ke farawa da U, an jera lagwanin duka a layi ɗaya kamar ƙwayoyin carbi, wuta ɗaya ke ratsa su. Ka sa baƙo a layin, shi ba zai yi zafin kirki ba, sauran kuma wuta ta yi musu yawa. Sai ka nemi UCL82, ko sunansa na Amurka 50BM8. Ka kuma yi hattara ƙwarai, don irin waɗannan rediyoyi galibi ba su da taransifomar da ke raba su da wutar bango, ƙarfen cikinsu yana iya ɗaukar wuta kai tsaye. Kada a kunna ta baya a buɗe, kada kuma a bar yara su taɓa ta in wani maɓallin murɗawa ya fita ya bar ƙarfe a waje.

Shi kuma mai sauraronmu na Maigatari, in an auna ƙafa ta 3 ka sake rubuto mana ka faɗa mana abin da mita ta nuna, tare da sunan da ke jikin na'urar da sunayen sauran bawul ɗin, sai mu faɗa maka inda za a tsayar da linzami. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.